Dunƙulen Yumɓu a Ƙarƙashin Mota

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Tukwane goma sha ɗaya suka fashe yau, cikin arba'in. Har da manyan randuna biyu. Da muka kwance igiya a Kasuwar Kure, a nan Minna, tsingaro ne ya yi ta zubowa ƙasa, maƙwabtan rumfa suna ta yi min sannu kamar an yi min rasuwa. Na ce musu su adana sannunsu, ni ban mutu ba.

Shekara talatin da huɗu ina ɗauko tukwane daga ƙauyen da ke bayan Paiko, a wannan tsohuwar Landirofa mai buɗaɗɗen baya da marigayi mijina Malam Zamani ya bar min. Da hannuna nake jera su, da ciyawa a tsakani. In ta ɓaci ɗaya ta fashe, ko biyu. To wannan shi ne karo na biyu a jere. Wancan makon tara.

Na dubi direbana Sadiq, jikana, maigidana na wasa, na ce, Maigida, ko dai sabuwar amarya kake tunani a kan sitiyari? Ya rantse bai wuce giya ta biyu ba. Na san gaskiya ya faɗa. Ina zaune kusa da shi.

Laraba, 8 ga Mayu

Ɗanladi ya zo da fuskarsa ta ofis. Ɗan da na goya, yanzu shi ke zaunar da ni. Wai Inna, hannunki ya fara rawa, ba kya iya jeri kamar da. Wai hanyar ta fi ƙarfin mai shekara saba'in. A rufe rumfa, in zauna gida in riƙa jan carbi.

Na ce carbin ai a cikin mota nake jan sa, ya fi lada, don kowane rami sai na ambaci Allah.

Bai yi dariya ba. Uban Sadiq ne amma ko kusa bai kai ɗansa daɗin hira ba. Ƙarshe dai muka tsaya a kan haka: saura lodi ɗaya. In tukunya fiye da uku ta fashe, na bar hanyar Paiko har abada, shi zai karɓi makullin mota. Na yarda. Bakina ne kawai ya yarda.

In na bar rumfar nan me zan zama? Tsohuwa a bakin ƙofa tana korar kaji.

Alhamis, 9 ga Mayu

Hannuna ba ya rawa. Na zura zare a allura sau uku yau don in gani.

Asabar, 11 ga Mayu

Na zauna na yi tunani, wai me ya canza? Hanya ita ce dai ta da. Ciyawa ita ce. Maman Joshua, mai gina min tukwane, ba ta canza yumɓu ba. Abu ɗaya ne: makonni uku da suka wuce bayan motar ya zauna, yana gogar dutse a mashigin rafi, Sadiq ya kai ta garejin Abdulwasiu a Sabon Gari aka canza sifirin na baya, waɗannan masu naɗi kamar awarwaro da ke kusa da taya. Tun daga ranar ƙuguna yake min ciwo. Ban gaya wa kowa ba, kada Ɗanladi ya ji ya samu abin kamawa.

Na yafa gyale na sa Sadiq ya kai ni garejin.

Abdulwasiu na ganina ya rusuna, Mama, Mama, sannu da zuwa. Yaron kirki ne, ko da yake furfura ta fara masa. Na ce nuna min abin da ka sa wa motar mijina. Ya nuna. Gajeru ne, masu kauri kamar tsintsiyar hannuna. Ya ce, Mama, na ga lodinki ranar nan, ya wuce kan mota, sai na ce wannan sai mai ƙarfi. Irin wanda ake sa wa masu ɗaukar siminti ne. Dubi yadda mota ya tsaya kyau.

Tsayuwa kam ta tsaya. Na auna da hannu, daga saman taya zuwa bakin ƙarfen jikinta: taƙi ɗaya da yatsa biyu. Sai na ce su kama ni in hau baya. Suka ɗaga ni kamar buhu. Na ce Sadiq ya hau, Abdulwasiu ma ya hau, wani mai sayar da rake da ke wucewa shi ma na ce ya hau. Mu huɗu. Na leƙa na sake aunawa. Yatsa ɗaya kawai ta sauka!

Na ce, Abdulwasiu, ka taɓa leƙa cikin tukunya? Ya ce eh. Na ce me ka gani? Ya ce ba komai. Na ce to shi muke ɗauka daga Paiko, ba komai, an lulluɓe shi da yumɓu.

Mai rake ya kusa faɗowa don dariya.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na tuna Malam Zamani. Shekara ashirin da shida yana gyaran taragu a reluwe. Yakan ce tarago mara kaya ya fi mai kaya tsalle, don sifirin ɗinsa an yi shi ne don nauyi, in babu nauyin sai ya ƙi lanƙwasa, duk dukan da hanya ta yi sai ya miƙa shi sama kai tsaye. A lokacin ina tuƙa tuwo ne, kunne ɗaya nake ba shi. Ashe kunnen ya riƙe.

Allah ya jiƙan ka, Malam. Da ka ga abin da aka sa wa motarka da ka yi tsaki har Bosso a ji.

Litinin, 13 ga Mayu

Na je wurin masu hatsi na roƙi sikelinsu. Na auna randa, na auna tukunyar miya, na auna ta ruwa, wani ɗan boko a wurin ya haɗa min a wayarsa. Duk lodina bai kai buhun masara huɗu ba. Sifirin ɗin da ke jikin motar kuwa na buhu goma ne ko fiye.

Na koma gareji na ce a cire gajerun nan a sa dogaye, irin na da. Abdulwasiu ya ce, Mama, tsaya in yi miki bayani. Na ce ba na son bayani, dogo na ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

Laraba, 15 ga Mayu

Kai. Yau na ci ƙasa, kuma a nan kaɗai zan faɗa.

Dogaye ya sa, kamar yadda na ce, amma masu kaurin nan ne dai. Da na fito da safe na ga motar, bayanta a sama, hancinta a ƙasa, kamar akuya tana shan ruwa a kwata. Taƙi biyu tsakanin taya da jiki. Na ce wa Sadiq ai haka ake so. Ƙarya nake.

Titin kwalta lafiya lau. Muna sauka hanyar ƙasa bayan Paiko sai aka fara. Kowane rami, gam! Kowane tudu, gam! Ba ƙarar bugu daga ƙasa ba, wata ƙara ce kamar ana fizgar motar daga sama. Haƙorina na roba ya fito sau biyu, na cafe shi a cinya. Sadiq ya ce, Uwargida, ai wannan dokin naki ne, ke kika zaɓa. Na ce ya kula da hanya.

Da muka isa, Maman Joshua ta riga ta fito da tukwane arba'in, an jera a gindin mangwaro, jajaye, suna ƙamshin wuta. Na tsaya ina kallon su. Na ce ba zan ɗauka ba yau. Ta ce, Hajiya, lafiya? Tukunya na ba ya da laifi fa. Na ce na sani, motata ce ke da aljanu.

Na roƙe ta ɗanyen yumɓu, dunƙule huɗu. Ta ba ni a leda, tana kallona kamar na fara ruɗewa.

Muka dawo wayam. Ɗanladi ya kira, nawa suka fashe? Na ce ko ɗaya. Ban ƙara masa komai a kai ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kwana da ƙugu a hannu. Man zafi ya ƙare.

Jumma'a, 17 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci na koma gareji. Na sayi rake na miƙa wa Abdulwasiu, na ce to, yi bayanin naka. Ya gane ban-haƙuri ne, ya ɗauko min benci.

Bari in rubuta yadda na gane, kada ya gudu.

Ya ɗaga motar da jak har taya ta rataya. Kusa da sifirin akwai wani ƙarfe kamar gora, shokozoba, shi ne ke hana taya sauka fiye da iyaka. To gurbin da sifirin zai zauna ba ya wuce wannan iyakar. In sifirin ya fi gurbin tsawo, sai an matse shi da wani maɗauri kafin ya shiga. Wannan matsin yana nan a cikinsa tun ba a sauke motar ƙasa ba, tun ba a ɗora ko tsinke ba. Ya kira shi da wani suna na Turanci, firilod ko me. Ni dai matsin farko na sa masa.

Gajere mai kauri: ya shiga gurbi ba matsi, har yana kwarkwaɗa in taya ta rataya. Taurinsa kaɗai ke riƙe mota. Ba ya lanƙwasa wa tukwanena.

Dogo mai kauri, wato zaɓina, ni Hajiya Rahmatu mai ilimi: an matse shi da ƙyar, mutum uku suka yi gumi. Matsin farkon nan ya yi yawa har nauyin motar bai isa ya ƙara danna shi ba. Sai ya tura jiki sama, shokozoba ya miƙe har ƙarshensa. Taya ba ta da sauran wurin sauka cikin rami. Da ta nemi sauka sai gam. Ƙarar da ta fitar min da haƙori ke nan.

Na ce to saura ɗaya da ba mu gwada ba. Dogo, amma siriri mai laushi. A matse shi ya shiga, matsin farko ya ɗauki wani kaso na nauyin mota don kada ta zauna ƙasa, laushin kuma ya ɗauki ramuka. Abdulwasiu ya tafa hannu ya ce, Mama, wannan ne na so in faɗa ranar Litinin! Na ce ai da ka faɗa. Sadiq ya juya baya yana tari.

Amma ya ja min kunne. In ya yi laushi da yawa, ko ya cika tsawo, da an faɗa babban rami naɗin zai haɗe, ƙarfe a kan ƙarfe, tukwane su tafi gaba ɗaya. Ya ce yaya za mu san inda ya tsaya a hanya, tunda ba mai iya leƙawa mota na tafiya?

Sai na buɗe jakata na fito da yumɓun Maman Joshua.

Akwai wata roba a saman ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ita ce ke tarewa in mota ta sauka har ƙarshe. Na ce a ɗaure dunƙule a ƙarƙashin robar nan, a cikin leda, da waya. In mun dawo mu duba. In yumɓu bai taɓu ba, sifirin bai yi aiki ba. In ya baje kamar waina, ya wuce gona da iri. In an danna shi rabi, shi ke nan. Haka muke gane tukunyar da aka jingina wa wata tun tana ɗanya, shaidar tana nan a jiki.

Ya karɓi yumɓun ya matsa shi da yatsa. Ya ce, Mama, wa ya koya miki? Na ce mai gina tukwane da mai gyaran tarago.

Litinin, 20 ga Mayu

Bai samu ba. Wai sai an duba wajen masu kayan tokumbo.

Ruwa ya sauka sosai jiya. Rafin nan zai fara cika.

Laraba, 22 ga Mayu

An samu! Kala biyu ya kawo. Na sa aka tsayar da su a ƙasa na dafa kafaɗar Sadiq na taka kowanne. Na farko ya nutse da ni kamar tsohuwar katifa. Na biyu ya ɗan ba da kai ya tsaya. Na ce wannan. Abdulwasiu ma shi ya zaɓa, amma ni na riga faɗa.

Ya fi gajeren can da kusan taƙi guda. Mutum ɗaya ya matse shi, ba gumi. Da aka sauke jak motar ta zauna a hankali kamar mace mai kunya a gidan surukai. Na auna: taƙi ɗaya da yatsa huɗu. Muka hau mu huɗu, har da mai rake, yanzu ya zama ɗan gida. Ta sauka yatsa uku. Kusan tsayuwa ɗaya da ta gajeren nan, amma hali daban.

Muka ɗora buhun yashi uku, muka ɗaure yumɓu, muka zaga wata lalatacciyar hanya ta bayan gari. Da muka dawo ni na fara durƙusawa. Gwiwa ta yi ƙara, ban kula ta ba. Robar ta sumbaci yumɓun, ta bar masa ɗan gurbi kamar na babban yatsa. Hagu da dama.

Na yi guɗa a tsakiyar gareji. Masu walda suka tsaya.

Jumma'a, 24 ga Mayu

Gobe ne. Ɗanladi ya ce zai zo kasuwa da kansa ya ƙirga. Ya zo mana.

Na sake zura allura. Sau ɗaya na kuskure, hasken ɗakin ne.

Asabar, 25 ga Mayu

Bari in fara daga farko don in ji daɗinsa sau biyu.

Mun tashi bayan asuba. Maman Joshua ta ƙara min biyar a kan arba'in ɗin, ta ce tunda sun jira ni kwana goma sun haihu. Na jera da hannuna, manya a ƙasa baki a kife, ƙanana a kai, ciyawa a kowane tsakani. Na ɗaure sabon yumɓu. Ta ce, Hajiya, wannan magani ne? Na ce eh, na maganin 'ya'ya masu son zaunar da iyayensu. Ta ce in ya yi aiki in kawo mata saura.

Hanya ta lalace fiye da kullum, ruwa ya yanka ta gida-gida. Ramin farko na rufe ido na jira gam. Shiru. Motar ta sunkuya ta miƙe, kamar mai goyo ta tsallake kwata. Na biyu haka. Sadiq ya dube ni, na dube shi.

A mashigin rafi ne zuciyata ta tsinke. Tayar hagu ta faɗa wani rami da ruwa ya ɓoye, motar ta karkata, na ji ƙwas a baya. Ƙara ɗaya. Na ce Sadiq kada ka tsaya. Daga nan har Minna ina lissafin ƙwas ɗin nan, ɗaya ce ko ta ja 'yan'uwanta.

Ɗanladi na tsaye a bakin rumfa da farar shadda, hannu a baya. Maƙwabta duk sun taru, labari ya zaga. Na ce masa tunda ka zo ƙirga, kai za ka sauke. Ya naɗe hannun riga. Kowace ya sauke sai na ƙwanƙwasa ta da zobe, ta amsa, ƙal. Mai tsaga ba ta amsawa haka. Goma. Ashirin. Shaddar ta zama ja. Masu hatsi suka kama ƙirga da ƙarfi. Talatin da takwas, talatin da tara. A ta arba'in da biyu aka samu mai ƙwas ɗin, 'yar ƙaramar tukunyar miya da na cusa a ƙasa tsakanin manya, leɓenta ya ɓalle.

Ɗaya. Cikin arba'in da biyar.

Na sa Sadiq ya kwanto yumɓun. An danna shi fiye da rabi a hagu, wurin rafin nan ke nan, amma bai baje ba. Na ɗora shi a tafin hannun Ɗanladi na ce ga takardar shaidata, ka kai ofis a buga mata hatimi.

Ya juya shi, ya juya. Ya ce, Inna, ashe ba hannunki ba ne. Na ce hannun da ya yi maka wanka? Sai ga dariyar ta fito, irin ta ubansa, har da riƙe ciki. Na ba shi mai ɓallallen leɓen kyauta, ya kai wa matarsa.

Makulli yana cikin lalitata.

Lahadi, 26 ga Mayu

Abdulwasiu ya aiko wai masu ɗauko ƙwai daga gona su biyu sun zo, suna son irin na Mama. Na ce a gaya masa ya fara tambayar su nauyin kayan kafin ya kalli tsayinsa. Kuma yumɓu ba kyauta ba ne, rake biyu.

Na ajiye dunƙulen a kan kwabet kusa da hoton Malam. Ya bushe da shaidarsa.

Asabar, 1 ga Yuni

Arba'in da biyu, ba ko ɗaya. Sadiq ne ya jera rabin lodin, ina tsaye a kansa ina zagi. Ya iya, ɗan banza. Ban gaya masa ba.

Ƙugun dai bai daina ba. Na ɗauka sifirin ne duka.

Asabar, 8 ga Yuni

Yau ban bi mota ba. Ba wai wani abu ba ne, rumfa ce ke son shara, kuma ga Sallah ta matso, masu saye suna zuwa da wuri. Ni na ɗaure yumɓun da kaina kafin su tashi, na ce wa Sadiq ya gaida Maman Joshua, ya bi rafin ta dama.

Na zauna a rumfa ina jan carbi. Ba rami ko ɗaya, sai da na riƙa tuna wa kaina in ambaci Allah.

Sun iso kafin azahar. Arba'in cif, duk sun amsa zobe. Yumɓu rabi. Na ce masa an yi sa'a dai.

Makullin na bar shi a wurinsa, aljihunsa ya fi lalitata zurfi. Mako mai zuwa zan bi su. Ko na sama. Ɗanladi kuwa ba sai ya ji ba.